Kwado da Makulli

A Nazaré, inda teku ke dukan dutse
kamar mai bin tsohon bashi,
ni Graciete, shekara hamsin da takwas,
nake ɗinkin tarun masunta tun ina 'yar tara.

Ranar Talata ina wanka na ji shi,
ƙarƙashin nonon hagu,
ƙullutu, bai kai ƙwayar zaitun ba.
Na ce, kai kuma wa ya gayyato ka?

Likita Amílcar ya juya bayan takarda,
ya zana kwado, ya zana makulli.
Ya ce, makullin nan sunansa istirojin,
sinadarin da ya mai da ke mace.
Kwadon kuwa yana jikin ƙwayoyin nono.
In makulli ya shiga, sai ƙofa ta buɗe,
a ce wa ƙwaya: rabu biyu.
Biyu su zama huɗu.
Kowace rabuwa sai an kwafi rubutun halitta,
mai yawan kwafi kuwa
wata rana alƙalaminsa kan zame.

Na ce, likita, wannan ai sana'ata ce.
In jirage sun matsa, Belmiro na ihu daga gaɓa,
hannuna kan yi sauri,
ƙulli ɗaya ya kuɓuce cikin dubu,
ba na gani sai kifi ya nuna mini.

Ya tambayi shekarun da na fara al'ada.
Sha ɗaya.
Yaushe ta ɗauke? Hamsin da biyar.
Ya rubuta, bai ce komai ba,
amma na iya lissafi:
shekara arba'in da huɗu makulli na juyawa.
Ya ce ko bayan ta ɗauke
kitsen jiki kan ƙera ɗan kaɗan.
Na dubi cinyoyina, muka yi dariya tare,
irin dariyar da ba ta kai ciki.

Na ce, to shi ne ya ci amanata?
Ya girgiza kai.
Wata ta fi ki shekarun, lafiya lau take.
Ba shi ya kunna wutar ba lalle,
wataƙila fifita ya yi.

Yaya zan zage shi?
Shi ya zagaye ƙuguna har Belmiro ya yi tuntuɓe a kasuwar kifi,
shi ya shimfiɗa wa Zulmira gado a cikina,
shi ya riƙe ƙashina da na faɗi a matakala.
Ruwan da ya raya gero
bai san ciyawa daban ba.

Sun yanke. Sun gasa wurin da haske.
Yanzu kullum safe farar ƙwaya ɗaya,
makullin ƙarya mai toshe kwado,
na gaskiya ya zo ya tarar ba wuri.
Shekara biyar, in ji shi, ko goma.
Da dare zafi kan taso mini daga ƙirji,
in buɗe taga a tsakiyar hunturu,
Belmiro na rawar ɗari cikin bargo biyu.

Jiya Zulmira ta zauna kusa da ni a kan yashi.
Na kama yatsunta, masu ƙarnin sardin,
na ɗora a kan tabon.
Na ce, haka ake laluben taru,
ƙulli bayan ƙulli, kowane wata,
ba a jiran kifi ya faɗa.

Teku na ta dukan dutsensa.
Saura ramuka uku kafin la'asar.