Akwatin da Ba Zare

Ofishin ƙungiyar masunta ta Peniche
yana saman shagon ƙanƙara.
Ƙarnin kifi kan riga kowa hawa matakala,
ya zauna a kujerar Belmiro.

Shekara goma sha tara yana ginin rumbun bayanan nan,
ɗaki bisa ɗaki, ba taswira,
yadda gara ke tayar da shuri.
Hanyoyin duk a kansa suke.
Ran wata Talata jini ya hau,
ɓarin dama ya kwanta, harshe ya bi shi.
An ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.
To, ga ɗaki, ga yoyo,
mai ɗaki ya yi shiru.

Aka ɗauko Idalina, 'yar mai ɗinkin raga,
aikin rabin yini.
Ta ce akwai manhajar da ke zana tsarin gaba ɗaya,
Yuro ɗari uku a shekara.
Custódio ma'aji ya cire tabarau, ya goge, ya mayar:
"Kuɗin man jirgi ne wannan, yarinya.
Nemo wadda ba a biya."

Ta farko kyauta ce har tebur goma,
a na sha ɗaya ta miƙo hannu tana neman kati.
Ta biyu ta danna tambarinta a tsakiyar zane,
ya rufe rabin sunaye.
Ta uku ba ado, launin toka,
wasu da ba ta sani ba suka rubuta ta cikin dare, bayan aiki,
suka ajiye a bakin hanya kamar randa da moɗa,
mai ƙishi ya sha, ya wuce.

Ta nuna mata ƙofar rumbun.
Kofinta bai huce ba allon ya cika.

Tebur arba'in da ɗaya!
Jirage sun riƙe matuƙa, matuƙa sun riƙe kamu,
kamu ya riƙe sikeli, sikeli ya riƙe bashi,
bashi kuwa, kamar kullum, ya riƙe kowa.
Ta ja wannan nan, ta ja wancan can,
tana warware zare yadda uwarta ke yi a bakin ruwa,
har raga ta shimfiɗu.

Sai akwati ɗaya can ƙuryar hagu,
ba zare ya shiga, ba zare ya fita.
Sunansa: Waɗanda Ake Jira.
Layi huɗu kawai:
suna, jirgi, ranar fita, ranar dawowa.

Custódio ya leƙo ta kafaɗarta.
"Maraya ne. Goge shi."
Ba ta goge ba.
Ta buga zanen a takarda shida, ta haɗa da gam,
ta naɗe, ta hau motar ƙarfe biyar
zuwa gidan jinyar da ke kallon teku.

Belmiro ya daɗe yana duba,
kamar wanda aka nuna wa hoton garinsu daga sama.
Ya yi dariya da rabin baki
da ya ga tebur biyu masu aiki guda.
Sannan ya ga na ƙurya.

Ya nemi biro da ido.
Da hannun hagu, hannun da bai taɓa rubutu ba,
ya ja layi, yana rawa, yana karkata,
ya tsallake jirage, ya tsallake gam,
ya sauka kan teburin rabon wata,
inda kaso biyu cikin ɗari ke fita
zuwa gidaje bakwai da ba sa kamun kifi.

Manhaja tana zana abin da aka ɗaure ne.
Wannan ƙullin ba a taɓa gaya wa inji ba.

Washegari Idalina ta sa mabuɗin da ya rage.
Ta sake dannawa.
Zaren ya fito miƙe, launin toka, tsaf.

Amma na takarda ta manna a bango,
mai karkataccen layin shuɗi,
sama da kujerar da ƙarnin kifi ke zama.