Wurin da ke Ƙarƙashin Dutse

Kakata Daleka ba ta yarda da agogo ba.
A tsibirinmu na Huvadu ruwa ke faɗin lokaci:
in teku ta ja zanenta baya,
ta bar duwatsun murjani tsirara,
sai ta ce, "Tuttu, ɗauko kwando."

Muna tafe, ruwa iya idon sawu,
da ɗumi kamar wanda aka sirka wa jariri.
Ta duƙa ta birkice dutse.
Ga shi a maƙale, bai kai gaɓar yatsana ba.
Na ce, "Wannan ai tsakuwa ce mai gashi."
Ta yi dariya har haƙorinta guda ya leƙo.
"Wuri ne. Taɓa shi."

Na taɓa. Ya janye mayafin namansa,
sheƙi ya bayyana:
baya mai doro, fari da ya sha rawaya,
ƙulli-ƙulli a kafaɗa,
ciki a shimfiɗe, an tsaga shi biyu,
haƙora jere kowane gefe,
bakin da bai taɓa cizon kowa ba.

"Da jikinsa yake goge gidansa," in ji ta.
"Rana ɓuya, dare kiwo,
yana lasar gansakuka, babu gaggawa.
Ba ya son zurfi, ba ya son sanyi.
Duk inda ruwa ke da ɗumi akwai danginsa:
Zanzibar, Bahar Maliya,
har tsibiran da rana ke gaisarwa kafin ta iso mana."

A zamanin kakar kakarta, ta ce,
ganyen kwakwa ake shimfiɗawa a ruwa,
su hau, a jawo, a binne a rairayi
har nama ya tafi, gida ya saura.
A ƙirga, a ɗura a buhu, jirage su kwashe.
An sayi shinkafa da shi a Bengal.
An sayi gishiri a garuruwan
da ba su taɓa jin kukan teku ba.
Ta yi shiru, tana matse bakin zanenta.
"An sayi mutane ma."

Na dubi tafin hannuna.
Ya fiddo ƙahonni biyu, sirara kamar zare,
yana laluben layukan fatata
kamar mai neman hanyar gida.
Bai san an taɓa kiransa kuɗi ba.

Bana an jibge yashi a gaɓar, za a gina otal.
Daleka ta shekara uku kwance bayan masallaci.
Na je da 'yata Sanfa, ruwa ya janye,
muka birkice dutse goma sha ɗaya, wayam.
Na sha biyu, ga guda, lulluɓe da mayafinsa.

Ta ce, "Baba, nawa ake sayensa?"
Na ce, "Mayar da dutsen yadda kika same shi.
A hankali."