Hoton Tankari

Tankari ya aiko hoto daga can bakin teku:
jirgi fari fat, riga bisa riga,
hanci ja kamar tattasai.
Ya ce in ka faɗa ruwan nan,
kafin ka ida salati jini ya daskare.
Wai kuma shaƙatawa ce.

Ni ina Madarunfa ran Lahadi,
cikin kwalekwalen Baba Na'Allah
da aka toshe hudarsa da tsumma.
Dala arba'in ya amsa.
Na tsoma hannu a tafki:
ruwan wankan jego da ya huce.

Na ɗaga waya in rama,
tarwaɗa ta yi tsalle,
na zabura, waya ta nutse.
Baba bai ko daina tuƙi ba.
Ya ce, bar ta, ɗana,
can ƙasa ma ba sanyi.