Ƙofofin Kwami

Shekara huɗu ke nan, ban da watan da na yi taurin kai,
ina haɗiyar ƙwaya guda bayan lisha,
ƙarama, ba ta kai wake ba,
da ruwan randa mai ɗanɗanon ƙasa.
Tasallah ta daina tambaya ko na sha,
motsin takardar maganin ya ishe ta amsa.

Kafin nan, shinkafa ta nuna a Kadawa
ni kuwa ina kwance, fuska ga bango.
Jan-baki suka yi biki a gonata,
ina jin labarin kamar na gonar wani.
Gaba na dukan uku-uku, ba mai kora ta,
barci ya ƙaura, tuwo ya koma toka.
Aka ce sammu, aka ce iska,
aka yi turare har azara ta yi baƙi.

A Dawanau wata likita, Ladidi,
mai tabon ƙuna a bayan hannu,
ta ce, "Me kake nomawa?"
Ta juya bayan katin asibiti, ta zana kwami.

"A cikin kanka akwai ɗan aike,
noradiranalin, in bakinka zai iya.
Shi ke cewa tashi, shi ke cewa gudu.
Amma saƙo sai da ƙofa.
A jikin jijiyoyi akwai waɗanda yake ƙwanƙwasawa,
wasu alfa, wasu bita, haka aka raɗa musu.
Maganin nan yana hana a janye ruwa da wuri,
tun kwanakin farko magudana za ta cika,
kai dai ba za ka ji komai ba.
Sai mako uku, huɗu, ko shida,
ƙwaƙwalwa ta ga ruwa ya zauna,
ta shiga rage ƙofofin bita ɗaya-ɗaya.
Mai gadin alfa, da ke ihun a rage ruwa,
shi ma ya sassauta murya.
Wajen lokacin ne sauƙi kan leƙo."

Na ce, "Kin gani da idonki?"
Ta yi dariya. "Yawanci a ɓeraye aka gani.
Ko shi ne dalilin sauƙin, har yau ana musu."
Tun ranar, in na ritsa ɓera a rumbu
sai na yi jim kafin in ɗaga sanda.

Mako biyar. Ba wata walƙiya.
Wata safiya dai na ji ƙanshin ƙosan Barmani
ya tsallako danga, na ce wa yaro sayo na ɗari.
Tasallah ta shige madafa, ta daɗe ba ta fito ba.

Shekara ta biyu na ce na warke,
kuɗin mota ma ya fi ƙarfin aljihu.
Kwana uku da bari, ƙasa ta fara juyawa,
gumi, mugun mafarki, kai kamar amya.
Likita ba ta yi faɗa ba:
"Wanda ya gyara kwami don ruwa mai yawa
ba ya datse magudana dare ɗaya.
Ƙofar da aka liƙe da laka, a hankali ake buɗe ta.
In lokaci ya yi, tare za mu rage."

Akwai abin da na biya, ba na ɓoyewa.
Bakina a bushe kamar fadama da bazara,
kuma ranar da muka binne Sallau, abokin kaciyata,
hawaye ya zo har bakin ƙofa ya tsaya.
Ban san wacce aka toshe ba.
Na faɗa mata, ta rubuta, ta ce mu duba.

Yau ruwan Tiga ya iso layinmu da la'asar.
Na tsaya da fartanya, laka har idon sawu,
in buɗe nan, in toshe can,
ina sauraron yadda ƙasa ke sha.
Wani a cikin kaina yana irin aikin nan,
ba fitila, ba lada, ko sunana bai sani ba.
Na ce masa sannu da aiki,
sannan na wanke ƙafa, magariba ta kawo jiki.