Ƙofar Wuse

Ranar da katafila ta ci gidan nan na Wuse,
ina tsaye da guduma, ni da Tanimu,
muna jiran ƙura ta lafa.

Masu gida suka ce shara ce, a kwashe.
Tanimu ya ce, shara a idon wanda ya ƙoshi.

Kwana tara muna fasa kankare,
muna zaro rodi kamar ƙaya daga jikin kifi.
Wanda ya lanƙwashe muka miƙar a kan dutse.
Ɓaraguzai suka tafi cikon fandisho a Kubwa,
tayil ɗin da ya tsira wata mai tuwo ta saya.

Ni ƙofa na ɗauka.
Ta maɗaci ce, nauyi kamar bashi.
A bayanta an ja layuka da biro,
tsawon wani yaro, shekara bisa shekara,
na ƙarshe daidai kafaɗata.

Yanzu tana ɗakina a Mpape.
Ban shafa mata fenti ba.
Jiya na tsayar da Barira a jikinta,
na ja nata layin.

Ta ce, Baba, wa ya fi ni tsawo haka?
Na ce, wanda ya riga mu buɗe ta.