Gawa Goma Sha Ɗaya a Kwalin Ashana

Aikina da rana naɗin fanka ne,
a rumfar kwano, bayan babbar kasuwar Garwa.
In inji ya ƙone, a ce kai wa Tanimu.
Wayar tagullar da ta rage ba na zubarwa,
gida nake kai ta a aljihu
kamar mai kai wa yara alewa.

Littafin da na fara da shi na Faransanci ne,
ba bango, gara ta cinye shafi tara,
kuma inda ta ci, nan ne bayanin yake.
Zanen ya ce: sa abu kaza, mai lamba kaza.
Na taka kasuwa har silifas ya tsinke.
Wani ya ce sai Duwala,
wani ya ce ko a Duwala sai mai dogon hannu.

Ran nan na daina tambayar ina ake sayar da shi,
na koma tambayar me yake yi a wurin.

Wata biyu ina kwana da tambayar nan.
Na farke cikin matacciyar talabijin,
na aro ƙwarƙwaron keken matata ban mayar ba.
Naɗi talatin da biyu: shiru.
Talatin: shiru.
Ashirin da takwas, sai ga wani ɗan kuka
kamar gyare a ƙarƙashin randa,
na miƙe tsaye, dalma ta ɗiga mini a ƙafa,
sai da safe na ji zafin.

Ina da kwalin ashana a kan tebur,
taransista goma sha ɗaya ke kwance ciki,
duk ni na kashe su.
Na farko na juya masa ƙafa.
Na huɗu na ba shi wuta ba eriya.
Na bakwai har yau ban gane laifina ba,
shi ya sa shi na fi ɗaukowa in duba.

Hamajoda ya sayo tasa daga waje,
fitilu kore da ja, murya fes kamar ruwan tulu.
Ta fi tawa, ba na musu.
Amma daren da tsawa ta sauka gefen Binuwai
ta taɓa mu duka biyu.
Shi ya lulluɓe tasa da zane
yana jiran mai tafiya Yawunde.
Ni kafin azahar tawa ta yi tari ta tashi,
ai uwa ta san inda ɗanta ke jin ciwo.

Da lasisi ya fito, na ɗaure waya
daga dalbejiyarmu zuwa mangwaron maƙwabta.
Dare uku ina kira, iska kawai ke amsawa.
Na huɗu, wajen ƙarfe ɗaya,
wata murya ta ratso shuu ɗin nan:
Annur ne, daga Abece.
Ya ce yana ji na, ƙasa-ƙasa,
kamar mai magana daga cikin rijiya.
Ya ce wane kamfani ne ya ƙera?
Na dubi gwangwanin madara, na dubi ƙwarƙwaro,
na ce, ɗan'uwa, ba a raɗa mata suna ba tukuna.

Jiya Ladidi, 'yar mai mangwaron,
ta zo da littafin makaranta ta kwafe zanena kaf,
har da ɗigon da shayi ya bari a kusurwa.
Ta kai ƙofa, sai ta juyo:
Baba Tanimu, me ya sa ashirin da takwas?

Amsar tana kan harshena.
Na haɗiye ta.
Na miƙa mata tagulla kamu biyar
da sabon kwalin ashana, babu komai ciki.