Huda ta Biyu

A Matosinhos, bayan kasuwar kifi,
babana Anselmo ke riƙe lissafin masunta.
Faifan kwamfuta iri biyu ne a kanti:
mai huda ɗaya, ƙaramin ciki,
mai huda biyu ya ninka shi, ya ninka kuɗi.

Baba ya ce, "Ashe huda ce kawai?"
Ya gasa ƙusa a murhun kifi,
ya ɓula kusurwa. Na'ura ta yarda.
Mako guda yana ba maƙwabta labari.

Shekara talatin. Yau ni Lurdes
na ta da tsohuwar, tana tari, tana gurnani.
Waɗanda bai taɓa ba sun amsa sarai:
kuɗin ƙanƙara, ɗinkin raga,
bashin Baltazar da ya bi shi kabari.

Sai mai tabon ƙuna a gefe,
"Wasiƙun Deolinda" da jan biro. Innata.
Ƙyas. Ƙyas. Ta sake lalube.
"Ranar da kika tafi, teku"
daga nan sai tarkacen alamomi.

Ƙofa ka huda masa, Baba,
ba ka ƙara masa ɗaki ba.

Na mayar da shi gwangwanin biskit.
Har yanzu ina jin kamar yana warin hayaƙi.